Jan Zare a Tsakiyar Littafin Habboba

Ranar Juma'ar da ta wuce wasu ɗalibai suka hawo shagona a unguwar Hayyis Sabi', nan Masar, suka ce su ma suna so su fara buga littattafan Hausa, sun zo in sa musu albarka. Na ce madalla, wane ɓangaren aikin kuka iya? Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga wayarsa ya ce, "Ai Mama yanzu komai yana cikin nan. Tsohuwa ta yi magana, waya ta rubuta, ka gyara, ka tura maɗaba'a, khalas, an gama." Na tambaye shi me zai gyara. Ya ce duk abin da ya ga bai zauna daidai ba. To wannan gyaran shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan, don a bakinsa ya fito da sauƙi, ni kuwa na ga abin da gyara ya yi wa wata tsohuwa a garin nan.

Ku fara sanin wadda take yi muku magana. Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta biyu. A Funtuwa aka buɗe ajin manya a zauren wata maƙwabciyarmu, na je da hannun da ya saba da muciya, kullum sai na karya bakin fensir. Saboda haka kada wanda ya zo ya ce mini rubutu abin wasa ne. Da girmana na ɗauki haruffan nan ɗaya bayan ɗaya, na san nauyin kowanne. Masar kuwa maigidana na biyo, yana tuƙi a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci. Da Allah ya karɓi abinsa na ƙi komawa, na ɗora tukunya ina sayar wa ɗalibai ɗanwake da ƙosai.

Takardar naɗe ƙosai ce ta kai ni maɗaba'a. A ƙasan gininmu akwai wani Bamisire, Usta Sa'id, mai buga wa ɗalibai malzama, wato 'yan takardun darasin nan da ake ninkewa a ɗinke. Nakan je in kwashi ragowar da ya yanke. Wata rana ana gab da jarrabawa na tarar aiki ya taru masa, na ajiye kwandona na kama ninki ba tare da an sa ni ba. Ya zo ya duba, ya warware duk abin da na yi. Sannan ya ɗauki takarda guda, ya lanƙwasa ta ta nan, ya lanƙwasa ta ta can, ya sa mini a hannu in ji da kaina. Ashe takarda tana da gefen da take yarda da gefen da take gardama, kamar yadi. In ka ninke ta ta inda take gardama, littafin ba zai taɓa rufuwa ba, kullum bakinsa a hangame.

Na daɗe Usta bai bar ni na taɓa komai ba sai ƙashin ninki, wani ɗan ƙashi mai santsi da ake danne ninki da shi. Daga nan na koyi jeri, don malzama ɗaya in ta shiga gaban 'yar uwarta, mai karatu zai tarar an binne mutum kafin ya yi ciwo. Daga nan basilla ta huda, da allura, da zaren da ake ja ta cikin kakin zuma don kada ya ci takarda. Sannan gam, wanda in ya yi yawa littafi ya sandare, in ya yi kaɗan ya zube a jakar ɗalibi. Babbar wuƙar yanka ce ƙarshe. Ranar da zai bar ni kusa da ita bai yi mini wa'azi ba, ya dai nuna mini yatsansa na hagu, wanda babu kansa.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai ɗalibin da zai shigo da hantsi da kundin digirinsa, yana so a ɗinke, a matse, a sa sunansa da ruwan zinariya kafin azahar, in ka ce gam bai bushe ba ya ce ka yi tawakkali. Akwai wata matar Maraɗi da ta kawo waƙoƙin wa'azi na mahaifinta da ajami, gara ta ci gefensu, ta zauna a kaina har na gama don kada takarda ɗaya ta bar idonta. Ita ce ta fi burge ni. Amma mafi yawan abin da ya bi ta hannuna maganar wasu ce. Na ɗinke littattafai a kan kowace al'umma, har da waɗanda aka rubuta a kanmu, da Larabci da Turanci, masu kauri kamar bulo. A ciki ana auna mu, ana ƙirga mu, ana jin tausayinmu, amma babu inda muka buɗe baki. Wannan ya sa na nemi tsohuwar kwamfuta da 'yar na'urar naɗar murya, na kama lungu a shagon Usta, daga baya na kama nawa. Dokata ɗaya ce tun ranar farko: duk abin da na rubuta sai na karanta wa mai maganar ya ji da kunnensa. In ya ce cire, in cire. Ni kuwa ba na ƙara ko "to".

Aikin da nake so in ba ku labari na Habboba Tabawa ne. Habboba shi ne kaka a bakin mutanen Sudan. Bahaushiya ce ta can, kakanninta suka taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Yaƙi ne ya koro ta daga Sudan zuwa unguwar Hayyin Ashir, nan Masar, ita da jikarta Sumayya, wadda take aiki a wani kantin magani. Uban Sumayya, ɗan farin Habboba, mai gasa agashe ne, tsiren can ke nan. Shi ya sa su a mota, ya ce zai tsaya ya ga abin da za a yi da gida. Labarin rasuwarsa kawai ya iso. Har yau babu wanda ya san inda aka sa shi.

Wani ofishi a unguwar Dokki, irin masu tattara labarin 'yan gudun hijira, suka aiko mutane da tafinta, suka naɗi muryarta da yamma ɗaya suka tafi. Sai ga littafi ya fito da Larabci da Turanci, takarda mai sheƙi, hotonta a bango tana share ido. Habboba tana da yanar ido, idonta kullum yana ruwa, ko dariya take yi. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta ya faru ne a zaman jabana, inda matan unguwa suke taruwa shan gahawa. Wata ta zo da littafin, aka sa mai karatu ta karanta Larabcin. Sai aka ji Habboba, wai da bakinta, tana cewa ɗana wane, ɗan farina wane, hasken idona wane. Sunan nan ya yi ta fitowa shafi bayan shafi. Can wata tsohuwa mai suna Hajja Kande ta ce ashe ruwan Masar har kunya yake wankewa. Aka yi dariya, ba da mugunta ba, amma daga ranar Habboba ba ta sake zuwa zaman ba.

Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu, har ku ƙara da habibi, wai masoyina, a bainar jama'a. Ban hana ku ba, zamaninku ne. Amma ita matar nan tun ranar suna sunan nan bai fita daga bakinta ba. "Wancan yaron" take ce masa, har ya yi furfura a gemu. In ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. In ya yi ciwo ita take dafa maganin, amma wani take ba wa ya miƙa. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Wannan kawaicin ta riƙe shi fiye da shekarun da yawancinku kuka yi a duniya, yaƙi ya ƙwace mata gida da gona bai ƙwace shi ba, sai wani ya zauna a ofishi mai sanyi ya goge shi da yatsa ɗaya, don a ganinsa bai zauna daidai ba.

Sumayya ce ta riƙo hannunta suka hawo matakalata. Habboba ta zauna ta huta, ta sha ruwa, sannan ta ce, "'Yar nan, an ce ke abin da mutum ya faɗa kike rubutawa. Ni an rubuta mini abin da ban faɗa ba. Ki mayar mini da bakina."

Naɗar muryarta ba aikin yamma ɗaya ba ne. Nakan hau mota zuwa Ashir, in zauna a tabarma, in ajiye na'ura a gefe in rufe ta da gefen mayafi, don in tana ganinta sai ta koma magana irin ta gaban hukuma. Sai an yi gahawa, an yi gulmar farashin albasa, sannan bakin yake buɗewa. Abin da ya fito kuwa, babu ko rubu'insa a littafin Dokki. Su gudun kawai suka ɗauka, da kuka. Ba su ɗauki yadda kakarta ta haihu a hanya aka goya jariri aka ci gaba ba. Ba su ɗauki tsinkar auduga ba, da waƙar da mata suke yi wa mai awo in ya danne musu sikeli. Ba su ɗauki jakin mijinta ba, wanda ta ce shi kaɗai ne a gidan yake da ra'ayin kansa. Matar nan ta fi kowa ban dariya a Ashir, an mayar da ita hawaye a bango.

Rubutawa kuma da yatsa biyu nake yi, ina tsayar da murya ina komawa baya. Hausarta tsohuwa ce, gauraye da Larabcin Sudan, akwai kalmomin da tun rasuwar kakata ban sake ji ba. Ban mayar da ita Hausar rediyo ba. Inda na kasa ganewa, in koma in tambaya. In na gama kashi ɗaya in kai in karanta mata. Ta sa na cire wani faɗa da ta yi da maƙwabciya, ta ce matar tana raye, 'ya'yanta za su gani. Faɗan ya fi komai daɗi a kashin nan, na ji zafin cire shi, amma na cire. Nata ne.

Ana cikin haka shekarar ta juya mana baya. Kuɗin Masar ya faɗi, takarda ta yi tsadar da sai ka ga mai maɗaba'a yana shafa ta kamar alharini. Ɗalibai suka koma karanta malzama a waya. Usta ya riƙa rufe shago rabin mako. Ni kaina na sauko da tukunyar ɗanwake daga saman kabad, da safe in sayar, da rana in buga rubutu. Littafin Habboba ya kammala a cikin kwamfuta, babu takardar da za a sa shi a kai, ita kuma ido yana ƙara rufewa, jiki yana ƙara sanyi.

A lokacin ne Malam Hafizu ya zo. Shi ne tafintan ofishin, Bahaushe ɗan'uwanmu, mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya ce sun ji abin da nake yi, ofis zai ba da takarda mai kyau a buga na Hausa, sharaɗi kawai shi ne ya bi nasu, kada littafi biyu na mace ɗaya su saɓa, kuma a sa tambarinsu a bango. Na ce wato in ɗauki maganar da aka juya daga Hausa, aka gyara, in sake juyo ta Hausa, alhali mai maganar tana zaune a Ashir da bakinta. Na tambaye shi wa ya sa sunan ɗanta a littafinsu. Ya ce shi ne. Ya ce masu karatu a waje ba za su gane uwar da take ce wa mamacin ɗanta wancan yaron ba, za su ɗauka ba ta damu da shi ba. Na ce su ba su sani ba, kai fa? Ba Bahaushiya ce ta haife ka ba?

Ya ce, "Hajiya, ni ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Na sani sarai. Ban ga amfanin al'adar ba, shi ya sa."

Na ce masa, "Allah ya ji ƙanta. Wannan magana ce mai nauyi, kuma taka ce. Ka rubuta ta da sunanka, ni zan ɗinke maka da hannuna. Amma ba ka da ikon cusa ta a bakin uwar wani."

Ya tafi da takardarsa. Ba mu rabu da faɗa ba, ba mu kuma rabu da yarda ba.

Sai dai kada ku ɗauka magana ta ƙare a nan, don akwai inda Hafizu ya taɓo gaskiya. Ranar da na karanta wa Habboba kashin ƙarshe, ta daɗe tana juya ɗan kofinta. Ta ce littafi ya yi, bakinta ne. Amma wanda ya karanta zai rufe bai san ko wane ne wancan yaron ba. Ba shi da kabarin da za a nuna, gidan ma an ce babu shi, in ita ta tafi, a ina za a same shi? Na gane abin da take so: sunan ya shiga, ita kuma ba za ta faɗa ba. Na san sunan, yana kan yatsuna. Da na buga shi da kaina da an wuce wurin, da kuma ni da Dokki mun zama ɗaya. Na kama bakina na jira.

Sumayya tana gefe tana guga, ta ce, "Tsohuwa, ke dai kin cika wahalar da mutane. Ke kunyarki, ni ubana ne. A ba ni shafi ɗaya in faɗi abina."

Habboba ta ce, "Wa ya riƙe ki, mai baki kamar kasuwa? Kada dai ki haɗa da nawa."

Izinin ke nan. Da zan tafi ta riƙo gefen mayafina, ta yi ƙasa da murya ta tambaye ni, ita da ba ta karatu, ga ido ya tafi, yaya za ta san inda shafin yake.

Takarda daga ƙarƙashin wuƙar Usta ta fito, inda na fara. Na bi shi da sauran masu maɗaba'a na unguwa ina tattara ragowar yanka, wata fara, wata ruwan madara, wata ta ɗan yi rawaya. Na zauna ina lanƙwasa kowace in ji gefen da take yarda, na ware. Dole littafin ya zama ƙarami, kaɗan ya fi tafin hannu. Usta ya duba ya ce wannan ba littafi ba ne, bargon faci ne, amma ya kunna injin.

Ga abin da wayarku ba za ta gaya muku ba. Littafin da aka ɗinke, zare ba ya bayyana sai a tsakiyar kowace malzama, inda ninki ya buɗe biyu. Shafin Sumayya ya faɗo a gefe, inda babu zare. Sai da na warware jerin gaba ɗaya, na matsa wannan, na ja wancan, ba tare da na taɓa kalma ko ɗaya ba, har shafin ya zauna a tsakiya daidai. Sauran malzamomin na ɗinke su da farin zare siriri. Wannan kuwa na nemo jan zare mai kauri, irin na ɗinkin hula, na bar ƙullin a ciki inda yatsa zai ci karo da shi. Kowane kwafi haka na yi masa. Na Habboba na rufe bangonsa da ƙyallen tsohon mayafin da ta fito da shi daga gida.

A zaman jabana aka karanta shi, ɗakin da aka yi dariyar. Habboba ta zo, karon farko tun wancan lokaci. Ni nake karantawa. Da aka zo kan jaki har Hajja Kande ta ƙware da gahawa. Aka zo kan waƙar mai awo, tsofaffi biyu suka karɓa, ashe sun san ta. Duk inda na ce wancan yaron sai in ga kawuna suna gyaɗawa. Da na iso jan zare na miƙa wa Sumayya littafin, ta miƙe tsaye ta karanta: "Ni ce Sumayya. Wanda kakata take ce wa wancan yaron, ubana ne. Sunansa Abdulƙadir, mai agashe. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a da sunansa."

Habboba ta juya baya tana fifita gawayi, kamar maganar wani gari ake yi. Hajja Kande ce ta ɗaga hannu ta fara addu'ar, da sunansa, ɗaki ya amsa. Da aka shafa, Habboba ta ce gahawa ta huce, a miƙo kofuna.

Na aika wa Hafizu kwafi ɗaya. Nasa littafin har yanzu bai kawo ba, amma na ajiye masa zare.

To ku masu waya, wannan shi ne aikin. In kuna so, ku zo ranar Asabar, akwai ƙashin ninki yana jiran ku, kuma za ku daɗe a kansa. Za ku tarar da littafin Habboba a cikin ƙarfen matsi, kada wanda ya taɓa. Sumayya ce ta dawo da shi shekaranjiya. Duk shafukan suna nan fes kamar ba a taɓa buɗe su ba, sai tsakiya: jan zaren ya yi baƙi, ya sile, ya tsinke wajen ƙullin. Ta ce tsohuwa ta ce a gaya mini zarena ba shi da ƙwari.

Na ninka zaren biyu na sake ɗinkewa.